Amsoshin Wasiƙunku: Baba Yana Ganin Mutanen Da Ba Su Nan

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga Shinaka, cikin ƙaramar hukumar Goronyo. Mai wasiƙar ɗan kasuwa ne, yana fataucin albasa, kuma ya roƙi mu sakaya sunansa. To Malam, mun sakaya.

Ga abin da ya ce a taƙaice. Mahaifinsa ya ba shekara 70 baya. Yau shekara shida ke nan hannunsa na dama yana karkarwa, jiki ya sandare, tafiya ta koma jan ƙafa. An kai shi Sakkwato, likita ya ce ciwon Fakinsan ne, aka ɗora shi a kan magani, ya kuwa sami sauƙi. Amma tun bayan kaka, da an yi magariba sai Baba ya ce ga yara nan zaune a gefen gadonsa, ko ga baƙi tsaye a bakin zaure sun ƙi magana. Yanzu kuma ya ce uwargidansa, wato mahaifiyar mai wasiƙar, tana zuba masa wani abu a fura. Har ya ambaci saki. Dangi sun rabu biyu, wasu na cewa iska ce, wasu na cewa sammu ne, an ma fara yi wa tsohuwa wani irin kallo. Ya ce, ina mafita?

Malam, kafin komai, ku wanke mahaifiyarku. Abin nan da ka zayyana sananne ne wajen likitoci, kuma daga cikin ciwon yake. Wani likitan Ingila, James Parkinson, shi ya fara bayaninsa a 1817, shi ya sa aka laƙaba masa sunansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 masu fama da shi sun haura miliyan 8 da rabi. Ko ɗan damben nan Muhammad Ali, da shi ya yi ta fama tun 1984 har Allah ya yi masa rasuwa a 2016.

Yadda abin yake shi ne, akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin, shi ke sassauta motsin jiki. Idan ya yi ƙaranci sai karkarwa da sandarewa su biyo baya. Magungunan da ake bayarwa, irin su Sinemet, aikinsu su cike gurbin wannan sinadari. To a nan gizo ke saƙar. Maganin da ya saki ƙafa shi ne kuma kan iya sa mutum gane-gane, musamman idan ciwon ya daɗe ko an ƙara yawan ƙwaya. Akwai wani mai araha, Artane, da ake ba masu karkarwa, shi kam ya yi ƙaurin suna wajen ruɗar da tsofaffi. Wani lokaci kuma ciwon ne da kansa ya yi nisa. Mai shi yakan ga mutane, ko yara, ko ƙananan dabbobi, yawanci ba sa magana, kuma an fi ganinsu da almuru. Zargi shi ma haka yake zuwa, kuma kan na kusa yake faɗawa: an sace mini kuɗi, ana sa mini guba, ko miji ya zargi matar da suka yi shekara arba'in tare da abin da baki ba zai iya faɗa ba.

Ku lura da abu guda. Idan ruɗewar ta zo farat ɗaya, jiya lafiya lau yau bai san inda yake ba, ga zazzaɓi, ko tari, ko zafin fitsari, ko ya kwana uku bai zaga ba, to kada ku jira ranar ganin likita. Ku kai shi asibiti mafi kusa ran nan. Zazzaɓin cizon sauro ko ƙishirwa a lokacin bazara sun isa su birkita tsoho, kuma da an magance su yakan dawo hayyacinsa.

Idan kuwa a hankali abin ya taso kamar na Baba, ku mai da shi wajen likitan da ya rubuta maganin. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana nan a Sakkwato, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kware. Ku tattara duk abin da yake sha, har da na gargajiya, ku zuba a leda ku tafi da su. Kuma ku faɗi komai, har maganar fura. Tsofaffinmu kan ɓoye gane-gane don gudun a ce sun taɓu, 'ya'ya kuma su ɓoye zargi don kunya, sai likita ya duba hannu kawai ya sallame su.

Abu biyu nake roƙon ku kada ku yi. Kada ku tsayar masa da magani da kanku don kun ji na ce magani na jawo haka. Yanke shi lokaci guda na iya sandarar da mutum, ya kawo zazzaɓi mai zafi, har a rasa rai. Likita ne zai rage, sannu a hankali, kuma shi ya san wanda zai fara cirewa. Sannan kada ku je kemis ku ce a ba ku abin da zai kwantar da shi. Irin su Largactil da Haldol da ake ba masu taɓin hankali, ga mai Fakinsan ƙara wa Barno dawaki ne, suna iya kwantar da shi ya kasa ko juyawa.

Sai zaman gida, inda aikin yake. In Baba ya ce ga yara, kada ku ce masa ƙarya yake, don a idonsa suna nan. Kada kuma ku ɗauki sanda kuna korar iska, kun tabbatar masa ke nan. Ka zauna kusa da shi, ka ce, "Baba, ni ban gan su ba, amma ina nan tare da kai." Sai ka jawo wata hira, ko ka kama shi ku fito tsakar gida. Ku kunna fitila tun kafin duhu ya shiga, a bar 'yar ƙarama har asuba. Babbar rigar da ke rataye a ƙusa, da gidan sauron da aka naɗe, a duhu siffar mutum gare su, ku kawar. A duba masa ido ma, yana kan ƙara abin. Adda, da gatari, da maganin feshi, a fitar daga ɗakinsa, a rufe rijiya. Kuma a irin halin tsoron da gabashin Sakkwato ya shiga, tsoho ya yi kururuwar ɓarayi cikin dare ba wasa ba ne, don haka ku sanar da mai unguwa da maƙwabta lalurarsa tun da wuri.

Maganar fura kuwa, ku ɗauke wa Inna ita na ɗan lokaci. Kai ko ƙanwarka ku dama a gabansa, ka fara kurɓa, sannan ka miƙa masa. Ku raba kwana a tsakaninku don tsohuwa ta sami barci, in ta kama ma ta je wajen 'yan'uwanta ta huta kwana biyu. Batun saki hukuncinsa na malamai ne, amma in za ku je gare su ku tafi da bayanin likita. Addu'a kuma a ci gaba da yi, ba ta hana shan magani. Sai dai ban da turare mai shaƙe numfashi, ban da ɗauri, ban da duka.

Ka tara yayyen Baba da ƙannensa ka karanta musu wannan shafi, don daga bakinsu maganar sammu ta fito. Allah ya ba shi lafiya. In kun dawo daga Sakkwato ka sake rubuto mana.