Faɗaɗa Titi Kaɗai Ba Zai Kwance Cunkoson Mararaba da Nyanya Ba



Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, ofisoshi suka taru a tsakiyar birni, tsadar haya kuma ta kora ƙananan ma'aikata zuwa Nyanya, Karu, Mararaba, Ado da Masaka, har cikin jihar Nasarawa. Kusan duk waɗannan bayin Allah titi ɗaya suke bi, titin Keffi, su bi ta Kugbo su faɗa mahaɗar AYA. Akwai masu yin sallar asuba a bakin hanya don gudun makara, da yamma kuma magariba ta riske su cikin mota. Duk wanda ya taɓa shan wannan gosulo zai ce a ƙara faɗin titi, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai dai an gwada wannan magani a wani wuri, da kuɗin da ba mu da irinsu. A birnin Houston na jihar Texas a Amurka, an kammala faɗaɗa babban titin Katy a 2008 kan kusan dala biliyan 2.8. A wasu sassansa, idan an haɗa da titunan gefe, layukan mota sun kai 26. Da farko hanya ta saki. Amma tsakanin 2011 da 2014, lokacin da mai komawa unguwannin bayan gari ke ɓatawa da yamma ya ƙaru da kusan kashi 55 cikin ɗari. A 2011 masana tattalin arziki biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, suka bi diddigin biranen Amurka, suka tarar cewa idan aka ƙara titi da kashi 10 cikin ɗari, zirga-zirgar motoci ma takan ƙaru da kusan kashi 10.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da zarar hanya ta yi sauƙi, mai fita ƙarfe biyar zai koma fita ƙarfe bakwai. Mai shiga bas zai ci bashi ya sayi mota. Dillalan filaye kuma za su yanka fulotai can gaba da Masaka, suna tallar cewa yanzu Abuja ta matso kusa. Cikin 'yan shekaru sababbin layukan sun cika, tafiyar kuwa ta ƙara tsawo, kuɗin mota ya ƙaru a kan talakan da aka ce don shi aka yi aikin.

Akwai kuma abin da ido ke gani a Mararaba. Titin yana da faɗinsa, amma kasuwa ta cinye gefe, direbobi na lodi a kan kwalta, 'yan acaɓa na jiran fasinja, masu tsallakawa na ratsa motoci. Ko layi goma aka shimfiɗa, muddin uku sun zama tasha, sauran kuma za su matse a wuri guda, an yi ba a yi ba. Gina tasha ta gaskiya da matsar da kasuwa cikin mutunci, a ba 'yan kasuwa rumfunan da za su iya biya, bai kai kuɗin gadar sama ɗaya ba.

Sabuwar hanya kuwa hukuncinta daban ne, kuma a nan nake tare da masu neman a yi gini. Garin da ƙofarsa ɗaya ce, tirela guda ta faɗi ta rufe shi ruf, har da motar asibiti. Shi ya sa hanyar Apo zuwa Karshi, wadda aka ba da kwangilarta tun 2011 aka yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, ta fi ƙarin layi daraja a wurina: an tsara ta ne don ta raba jama'a gida biyu, wanda zai je kudancin birni ba sai ya bi ta AYA ba. Ita ma za ta cika wata rana, musamman idan aka bari aka gina shaguna har bakin kwalta.

Batun manyan bas kuwa, kada mu ɗauka bas zai share titi. Binciken Duranton da Turner bai nuna haka ba. Amfanin layin da aka keɓe wa manyan bas, irin wanda Legas ta buɗe a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, shi ne mutum hamsin su wuce cunkoso a filin da ƙananan motoci uku za su tare.

Roƙona ga injiniyoyi da 'yan majalisa: kafin ku sa hannu kan wata kwangilar faɗaɗawa, ku aika a auna minti nawa ma'aikaci ke yi daga Masaka zuwa sakatariyar gwamnatin tarayya, da naira nawa yake kashewa. A sake aunawa bayan shekara biyar, a buga sakamakon jama'a su gani. Duk layin da za a ƙara a titin Keffi kuma, a fara ba bas nasa.