Na Sauka Daga Babbar Mota Na Hau Tsohuwa: Lissafin Wani Malamin Makaranta

Jawabin da wani shugaban makarantar firamare ya gabatar a taron reshen ƙungiyar malamai a Gagarawa Tasha

   

Da sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi magana a kan tattalin albashi, na san abin da ya sa ya zaɓe ni. Ya ga motar da nake zuwa taro da ita a da, ya kuma ga wadda na zo da ita yau. Ga ta can a gindin darbejiya, ƙofar bayanta launinta daban da na sauran jikinta. Wasu daga cikinku sun yi mini jaje a kanta, wasu sun yi dariya a ɓoye. Duk na yafe, kuma zan ba ku labarinta tun daga farko, domin na san akwai waɗanda ke cikin halin da na fito, kunya ce kawai ta rufe musu baki.

A shekarar 2021 na sayi Toyota Camry mai silinda shida. Na sayar da bijimai biyu a kasuwar Maigatari wata Alhamis, na haɗa da kuɗin adashi, na cika da bashin ƙungiyar gama-kai. Lokacin litar fetur tana wajen naira 165, tankin motar kuma yana cin lita 70, wato da naira dubu goma sha ɗaya da 'yan ɗaruruwa sai in cika shi fal. Ranar da na fara shiga makaranta da ita yara suka bar aji suka fito kallo. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Malamin ƙauye ya daɗe ana yi masa kallon mai keke da jakar leda, sai na ɗauka na wanke wa sana'armu fuska.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500, a watan Yuli ta wuce 600, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta tsallake 1,000. A tsakiyar 2023 ɗin aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 daga baya ta wuce 1,500, kowane ƙarfe da ake shigowa da shi daga waje ya bi ta. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ku dubi wannan daidaito: lita 70 a kan naira 1,000, shi ne naira 70,000. Cika tankin motata sau ɗaya ya zama albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci. Fetur ya ɗan sauko daga baya, amma bai ko leƙa inda ya baro ba.

Sai motar ta koma kayan ado. In wanke ta ranar Juma'a, in zuba mata lita biyar in je masallaci in dawo, sauran kwanaki in hau babur ɗin ƙanena. Ana ta cire bashin daga albashina a kan motar da ƙura ke rufewa. Duk da haka ban yi tunanin rabuwa da ita ba, saboda abin da surukaina za su ce, da abin da za a ce a ɗakin malamai: Malam ya karye.

Abin da ya farkar da ni dare ɗaya ne a cikin damina. Ƙaramar 'yata ta kamu da zazzaɓi mai zafi har ta fara fizge-fizge, ga mota a ƙofar gida, ga makulli a aljihuna, allurar mai kuwa tana kwance. Masu sayarwa a galan duk sun tashi. Maƙwabcina, wanda ke da wata tsohuwar Golf da na sha yi wa ba'a, shi ya kai mu asibiti a Gumel. Yarinya ta warke, alhamdu lillahi. Ni kuwa a hanyar dawowa, ina zaune a kujerar baya tana ta ƙara, na tuna maganar nan ta Hausawa, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Washegari na ɗauko littafi irin na ɗalibai na yi abin da muke koya wa 'yan aji biyar. Tsakanin gidana da makaranta kilomita 20 ne, zuwa da dawowa 40, kwanakin aiki 22 a wata, jimla kilomita 880. Na riga na auna Camry, a hanyarmu mai rairayi lita ɗaya tana kai ni wajen kilomita 8, wato lita 110 a wata. Na roƙi maƙwabcin nan ya ara mini tasa na mako guda, na tarar tana yin wajen 13, wato lita 68. Bambanci lita 42. A kan naira 1,000, naira 42,000 ke nan kowane wata, a zuwa aiki kaɗai, ban da biki, ban da ta'aziyya, ban da kai iyali Haɗeja gaishe da dangi. Sannan inji mai silinda shida filogi shida yake so, mai huɗu huɗu. Bakin man da babba ke sha ya fi na ƙarami da wajen lita biyu a kowane juye. Tayar babbar mota kuma kuɗinta daban. Ina roƙon kowa ya yi wannan lissafi da motarsa da hanyarsa, kada ya ɗauki nawa, domin inji da inji ba ɗaya ba ne, ƙafar direba ma tana da nata rabo.

Na sayar da Camry a farkon 2025. A nan akwai abin da ke ruɗar mutane. Na sayar da ita fiye da yadda na saye ta, har dillali yana taya ni murnar riba. Babu wata riba. Naira ce ta rame. Kuma ƙananan motoci masu tsimin mai sun yi tsada, tun da kowa su yake nema. Duk da haka Golf ɗin da na saya, irin wadda ake kira Golf Uku, da aka ƙera a shekarun 1990, ba ta ci rabin kuɗin ba. Da ragowar na biya bashin gama-kai gaba ɗaya, na sayi tumaki huɗu, na ware wani abu na ce wannan na gyara ne. Watan farko da albashina ya shigo ba tare da an yanke komai ba, na daɗe ina duban saƙon banki kamar na wani.

Yanzu bari in faɗi inda na yi kuskure, don shi ne ya fi amfani gare ku. Araha ba ta ado. Na je duba motar da la'asar, na tarar an riga an tayar da ita inji ya yi ɗumi, an wanke shi yana sheƙi, dillali yana ta rantsuwa cewa wani dattijo ne ke hawanta zuwa gona. Ban tafi da bakanike ba, don ina ƙyashin kuɗin motarsa da na abincinsa. Mako uku da saye, tsakanin nan da Gujungu, allurar zafi ta haye, lagireto ya fara aman ruwa. Gasket ya ƙone, kuma da aka buɗe aka ga an taɓa lallaɓa shi. Kuɗin da na ware na gyaran shekara, rabinsa ya tafi a wannan aiki, har da zuwa Ƙofar Ruwa a Kano neman kaya. Da na sani, da asuba zan je, in sa a tayar da ita a gabana tana sanyi, in dubi hayaƙin da ke fita a salansa, in zaro ma'aunin bakin mai in ga ko ya yi kalar shayi da madara, alamar ruwa ya shiga, in buɗe murfin lagireto in ga ko akwai kumfa. Inji da aka wanke tas ranar ciniki, ku tambayi abin da aka wanke. Ku tafi da bakanikenku, wanda zai ci gaba da ganin fuskarku a gari, ku biya shi hakkinsa, ku tuƙa motar a kwalta ku kuma shiga da ita rairayi, tun da hanyoyin ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar su ne za ta riƙa bi.

Sai takardu, kuma mu da ke bakin iyaka wannan ya fi shafarmu. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. Saboda haka idan aka kawo maka 'yar Kwatano mai kyau da arahar da ta ba ka mamaki, aka ce takardun kwastan suna tafe, ka riƙe kuɗinka. Motar da ba a biya mata kuɗin fito ba ana iya karɓe ta a hanya, kuma mai riƙe da ita shi ke asara, ko hannu nawa ta bi kafin ta zo gare shi. Ka gwada lambar da ke jikin shasi da wadda ke takarda, harafi da harafi. Ka nemi ganin mai sunan da ke takardar, ko shaidar cewa ya sayar. A rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, a je a canza suna. Inshorar da doka ta wajabta ma ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun farkon 2023, a sa ta a lissafi.

Akwai wurin da ban yarda a yi tsimi ba ko kaɗan: taya da birki. Tsohuwar mota ba ta da kariyar da ta zamani ke da ita idan hatsari ya auku, don haka abin da ya rage maka shi ne ka hana shi aukuwa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2419, an yi ta a mako na 24 na 2019. Tsohuwar taya, ko zanenta bai cinye ba, zafin kwaltar Afrilu yana iya fasa ta kana gudu da iyali a ciki. Ni tayoyi huɗu sababbi na fara saya kafin in gyara ƙofar nan da kuke gani, shi ya sa har yau ba a yi mata fenti ba.

Ba kowa nake kira ya bi sawuna ba. Wanda motarsa ƙarama ce, lafiyarta ƙalau, ya san cututtukanta, ya riƙe abarsa. La'adar dillali da canjin takardu da gyaran farko za su cinye abin da yake hange. Wanda makarantarsa ke bayan gidansa, watakila babur ya ishe shi. 'Yan'uwanmu malamai mata kuma, musamman masu koyarwa a ƙauyuka, lissafinsu yana da ƙari: ni idan ta mutu mini a daji in naɗe riga in tura, ita kuwa malama da goyo a bayanta, magariba ta kawo jiki, abin ya wuce batun kuɗi. Gare ta gara motar da ta ɗan fi tsada amma tana tashi kowace safiya. Wani ya tambaye ni batun mayar da mota mai amfani da gas. Dabara ce mai kyau ga wanda wurin cikawa ke kusa da shi; a nan, sai ranar da aka kawo mana shi.

Game da kunya kuwa, ga iyayenmu nan zaune a layin gaba. Da yawansu a kan keke Raleigh suka koyar da waɗanda suka zama alƙalai da likitoci. Da kuɗin Udoji suka shigo a 1975 wasu suka sayi babur, ƙalilan suka kai ga Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna, kuma ban taɓa jin ɗalibin da ya tuna malaminsa saboda abin hawansa ba. Surukina da na fi jin tsoro, da ya ga Golf ya zagaya ta sau biyu, ya ce, "Malam, nawa take sha zuwa Gumel?" Na faɗa masa. Ya ce in na ji labarin irinta in sanar da shi.

Ranka ya daɗe shugaba, ina da roƙo biyu ga reshe. Na farko, a nemo amintaccen bakanike ɗaya ko biyu da reshe zai yi yarjejeniya da su, su riƙa raka duk ɗan ƙungiyar da zai sayi motar hannu, a kan ladan da aka sani. Na biyu, kwamitin gama-kai, kafin ya ba da bashin mota, ya riƙa neman mai buƙata ya kawo lissafin man da zai sha a wata, a rubuce, a gefen albashinsa. Da an nemi wannan takarda daga gare ni a 2021, ko ba ta hana ni saye ba, da ta sa na rabu da motar shekara guda kafin daren da na ba ku labari.

Littafin lissafin nan nawa, har da abin da na kashe a gyara wata-wata, zan bar shi a hannun sakatare zuwa taro na gaba, mai so ya duba. Wanda kuma zai bi ta hanyar Gumel bayan an tashi, akwai wurin mutum uku, sai dai ƙofar baya ta hagu daga waje ake buɗe ta.