HANYOYIN DA DOKA TA BUƊE WA IYAYE DOMIN KARE 'YA'YANSU DAGA WANDA KOTU TA TAƁA KAMAWA DA LAIFIN LALATA YARA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiyar ci gaban garinmu



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sake tara mu cikin ƙoshin lafiya. Ina kuma gode wa kwamitin shirye-shirye da ya ba ni damar yin magana a kan wani al'amari da muka daɗe muna yi masa kara. Al'amarin shi ne na mutumin da kotu ta kama da laifin lalata yaro ko yarinya, ya gama zaman gidan gyaran hali ko aka yi masa afuwa, ya dawo cikin unguwa. Da yawanku kuna zaune a gidajen haya na tsakar gida ɗaya, inda ba ku ne ke zaɓen maƙwabci ba. 'Ya'yanku na zuwa makarantar boko da safe, Islamiyya da yamma, mai adaidaita sahu ya kai su ya dawo da su. Idan uba ko uwa suka gano cewa irin wannan mutum na kusa da 'ya'yansu, me doka ta yarda su yi, me kuma ta hana? Amsar wannan tambaya ita ce maƙasudin jawabina.

Abin da doka ta hana

Zan fara da hani, domin a nan ne zuciya kan ɗebi mutum. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 36, ya hana a sake gurfanar da mutum a kan laifin da aka riga aka yi masa hukunci. Sashe na 41 kuma ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya ga dama a cikin ƙasar. Saboda haka babu wanda ke da ikon tara matasa su yi wa tsohon fursuna duka, ko su ƙone masa ɗaki, ko su kore shi daga gari da ƙarfi. Uban da ya yi haka shi ne zai kwana a hannun 'yan sanda, ya bar yaran da yake son karewa ba mai tsaronsu. Haka nan jifan mutum da wannan mummunan laifi bisa jita-jita ɓata suna ne, kuma kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi horo a kansa.

Mataki na farko: tabbatar da gaskiyar magana

Hukuncin kotu ba asiri ba ne. Wanda abin ya shafa yana iya rubuta wa rajistaran kotun da ta yi shari'ar, ya biya kuɗin da aka ƙayyade, ya nemi kwafin hukunci mai hatimin kotu. Wannan takarda ita ce sandar da uba zai dogara a kai duk inda ya je, ko wurin baturen 'yan sanda, ko shugaban makaranta, ko gaban alƙali.

Akwai kuma rajistar masu laifin fyaɗe. Dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, ta yi umarni da a ajiye sunayen waɗanda kotu ta kama da irin wannan laifi, a kuma bar jama'a su iya dubawa. A watan Nuwamba na 2019 aka ƙaddamar da rajistar ta ƙasa baki ɗaya a hannun hukumar NAPTIP, wato hukumar yaƙi da fataucin mutane da aka kafa a 2003, kuma ana duba ta ta intanet. Jihohin Ekiti da Legas sun riga gwamnatin tarayya buɗe tasu. Sai dai a kula, sunan da aka aika wa rajista shi kaɗai take ɗauke da shi. Rashin ganin sunan mutum a ciki bai wanke shi ba, domin shari'o'i da yawa a zaure ake kashe su kafin su kai ga hukunci. Zan dawo kan wannan.

Mataki na biyu: umarnin kariya

Wannan ita ce hanya mafi ƙarfi, kuma ita ce mutanenmu suka fi jahilta. A ƙarƙashin dokar 2015, ana iya roƙon kotu ta hana wani mutum shiga gidan wanda ake tsoron zai cuta, ko kusantar wuraren da yake zuwa, ko aika wani ya yi masa aikin. Idan wanda ake son karewa yaro ne, wani na iya shigar da buƙatar a madadinsa, kuma dokar ta ambaci malamin makaranta da ma'aikacin lafiya da jami'in jin daɗin jama'a da ɗan sanda cikin masu wannan dama. In alƙali ya ga hatsarin na kusa, yana iya ba da umarnin wucin gadi tun kafin a saurari ɗaya ɓangaren. Tare da umarnin kotu kan rubuta takardar kamu ta jingine ta, ranar da mutumin ya saɓa sai a zartar da ita.

Amma alƙali ba ya ba da wannan umarni don kawai mutum ya taɓa zaman kaso. Zai nemi a nuna masa abin da ke faruwa yanzu: yana tare yarinya a hanyar makaranta, yana kiranta ɗakinsa, yana ba ta kuɗi ko alewa a ɓoye, yana aiko mata saƙo ta waya, ko yana yi wa iyayen barazana. Don haka ina ba iyaye shawarar da muke ba sababbin malamai game da littafin makaranta: a rubuta kome a ranar da ya faru, da lokaci, da wuri, da sunan wanda ya gani. Kada a goge saƙon waya. Tsohon hukuncin da sabuwar shaidar, idan suka haɗu, suna da nauyi a gaban alƙali.

A lura cewa dokar 2015 a Abuja take aiki kai tsaye. Jihohi sai wadda majalisarta ta kafa irinta, kuma mafi yawansu sun yi, kamar Kaduna a 2018 da Jigawa a 2021. Kowa ya tambayi abin da jihar da yake zaune ta tanada. Inda babu ita ma, ƙofa ba ta rufe ba. Kotun majistare tana da ikon kiran mutumin da ake fargabar zai tada fitina ta sa shi ya yi alkawarin zaman lafiya a rubuce, ya kawo masu tsaya masa. Shiga gidan mutane ba izini da nufin cutarwa laifi ne, tsoratarwa ma laifi ce, kuma kowannensu ana iya kai ƙararsa ba tare da jiran babbar ɓarna ta auku ba.

Mataki na uku: idan mai laifin na gida ne

Nan ne maganar ta fi ɗaci, domin sau da yawa mai cutar yaro ba baƙo ba ne. Yakan zama mijin uwa, ko ƙanen uba, ko yaron gida, wani lokaci ma uban da kansa. Dokar 'yancin yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta kuma shimfiɗa ƙa'ida tun a sashenta na farko cewa maslahar yaro ita ce gaba da kome a duk hukuncin da ya shafe shi. Ta tanadi kotun iyali, ta ba ta ikon ɗauke yaro cikin gaggawa daga wurin da yake cikin hatsari, ko sanya shi ƙarƙashin kulawar jami'an jin daɗin jama'a. Wasu jihohin Arewa sun jima ba su karɓe ta ba, amma daga baya suka kafa nasu dokokin kare yara, Kaduna a 2018, Katsina a 2020, Kano a 2023.

Shari'ar Musulunci ma ba ta bar wannan fage ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, riƙon yaro bayan rabuwar aure haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Idan uwa ta rasa wannan haƙƙi yakan koma ga kaka ta wajen uwa kafin dangin uba. Malamai sun gindaya wa mai riƙo sharuɗɗa, daga ciki akwai amana da kuma amincin wurin da yaron zai zauna. To, uwar da aka ƙwace mata 'ya aka kai gidan da wanda aka taɓa ɗaurewa kan lalata yara yake kwana, tana da hujjar zuwa gaban alƙali ta nemi a dawo mata da ita. Haka uban da tsohuwar matarsa ta auri irin wannan mutum yana da hujjar neman a sauya wa 'yarsa mazauni. Idan hukuncin bai gamsar ba, a ɗaukaka ƙara. Alƙali yana kuma iya tsara ziyara ta yadda ba za a bar yaro shi kaɗai da wanda ake tsoro ba.

Mataki na huɗu: makaranta

Na yi shekaru ina shugabancin makarantar firamare, na kuma san yadda mai makarantar kuɗi kan ɗauki malami ko maigadi ko direba ba tare da tambayar inda ya fito ba. Iyaye suna da haƙƙin tambaya ta hannun ƙungiyar iyaye da malamai. Idan ta tabbata akwai wanda kotu ta taɓa kamawa a cikin ma'aikata, a rubuta wa shugaban makaranta, a haɗa da kwafin hukuncin, a aika kwafi ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ko ma'aikatar ilimi. Idan malami ne mai rajista, a sanar da majalisar rajistar malamai ta ƙasa, wadda ke da ikon soke sunansa. Islamiyya ma haka, a kai maganar ga kwamitinta da mai unguwa. Rubutacciyar ƙara ba ta ɓacewa kamar maganar baka.

Idan ɓarna ta riga ta auku

Allah Ya kiyaye, amma in ta faru, asibiti za a fara zuwa, kafin wanka da wankin tufafi, domin shaidar likita ita ce ƙashin bayan shari'ar. Maganin rigakafin cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Akwai cibiyoyi na musamman domin wannan, kamar Waraka a asibitin Murtala na Kano, da Salama a Kaduna, da Mirabel a Legas. Daga nan sai ofishin 'yan sanda. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nufi hukumar ba da agajin shari'a da aka kafa a 1976, ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Horon ba ƙarami ba ne. Dokar 2003 ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya sadu da yaro ko yarinya, dokar 2015 ta ƙara da biyan diyya, jihar Kaduna kuma a 2020 ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Bayan hukunci, iyaye su riƙa bibiya ta ma'aikatar shari'a, domin mai laifi na iya ɗaukaka ƙara, gwamna kuma yana da ikon afuwa a sashe na 212 na tsarin mulki. Babu abin da ya hana iyaye rubuta wa kwamishinan shari'a damuwarsu tun kafin a kai ga haka.

Maganar sulhu

Yanzu in dawo kan abin da na jingine. Duk hanyoyin nan da na lissafa a kan hukuncin kotu suka fi tsayuwa. Idan aka taru a zaure, aka ce a rufa asiri don kada yarinya ta rasa miji, aka karɓi 'yan kuɗin magani aka janye ƙara, to babu hukunci, babu takarda, babu suna a rajista. Mutumin zai tattara kayansa ya koma wata unguwa fes da shi, ya sami aikin gadi a wata makaranta. Iyayen can ba su da abin da za su nuna wa alƙali, domin mu da muka sani mun binne shaidar. Asirin da aka rufa na mai laifi ne, yarinyar kuwa an bar ta da ciwon da kuma sanin cewa manyanta sun zaɓi kunya a kanta. Hausawa sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ina roƙon iyayenmu sarakuna da malamai, sulhu alheri ne a rikicin gona da gado da aure, amma wannan laifi a bar wa kotu.

Ban ce mutum ba ya tuba ba. Wanda ya gama zaman hukuncinsa yana da haƙƙin ya yi sana'a, ya shiga sahun salla, a amsa masa sallama. Tubarsa tsakaninsa da Ubangijinsa ce. Amma babu dokar da ta tilasta wa uba ya aiki 'yarsa ɗakinsa, ko ya ɗauke shi koyar da yara a gida.

Shawara ga ƙungiya

Ina ba da shawara uku. Na ɗaya, a kafa ƙaramin kwamiti na 'ya'yan garin nan lauyoyi da likitoci da malamai, da mata a cikinsa, wanda kowane reshe zai san yadda zai same shi, domin uwar da ke cikin tashin hankali ba ta san ƙofar kotu ba. Na biyu, a ware wani abu daga asusun ƙungiya domin kuɗin asibiti da na zirga-zirgar shari'a, tunda ɗage zama da tsadar mota ke sa talaka ya haƙura. Na uku, makarantun da wannan ƙungiya ke tallafa wa su daina ɗaukar ma'aikaci sai an bincika inda ya baro an kuma duba rajista. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ɗa kuma na kowa ne.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kare su daga sharrin na nesa da na kusa, Ya ba shugabanninmu da alƙalanmu ikon yin adalci, Ya mai da kowa gidansa lafiya.