Mai Shari'a Aloma Mukhtar: Daga Ɗakin Karatu a Ingila Zuwa Kujerar Alƙalin Alƙalai



An ce in yi magana a kan wani da ya yi karatu a ƙasar nan ya koma gida ya yi abin a zo a gani. Sai na zaɓi Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, domin sanyin nan da kuke sha, ita ma ta sha shi tun kafin a haifi iyayen wasunku.

An haife ta a Legas ranar 20 ga Nuwamba, 1944. Ta yi karatun farko a Zariya, har da Wusasa, sannan aka kawo ta Ingila. Ta yi makarantar 'yan mata a yankin Somerset, ta wuce Reading, daga nan ta shiga karatun lauya. A 1966 aka sa sunanta cikin lauyoyin Ingila, tana da shekara kusan 22. A 1967 ta zama lauya a Najeriya, mace ta farko daga Arewa da ta kai wannan matsayi.

To, ga inda nake so ku saurara da kyau. Da ta koma, daga ƙasa ta fara, a matsayin ƙaramar lauyar gwamnati a Ma'aikatar Shari'a ta Arewa. Ta yi majistare a Jihar Arewa maso Gabas, ta zama Babbar Magatakardar kotunan Kano a 1973, ta hau kujerar Babbar Kotun Kano a 1977. A 1987 ta shiga Kotun Ɗaukaka Ƙara, mace ta farko, kuma shekara 18 ta yi a can kafin ta kai Kotun Ƙoli a 2005. Shekara 18 fa! Mu kuwa in mun yi shekara biyu ba ƙarin girma sai mu fara neman biza mu dawo nan.

Ranar da aka gane ko ita wace ce ta zo a Disambar 2008. Janar Muhammadu Buhari ya ƙalubalanci zaɓen 2007 da ya ba Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa mulki. Alƙalai bakwai suka zauna. Huɗu suka ce zaɓe ya tsaya, uku suka ce a soke shi: Oguntade, Onnoghen da ita. Hujjarsu ita ce dokar zaɓe ta wajabta a sa wa takardun jefa ƙuri'a lambobi bi da bi, ba a kuma sa ba. In babu lamba, ta yaya za a san takarda nawa aka buga, nawa aka kaɗa, nawa aka cusa? Ku lura, duka mutanen biyu 'yan Jihar Katsina ne, don haka ba wanda zai ce ɓangaranci ne ya ja ta. Wanda hukuncinta bai yi wa daɗi ba shi ne mai riƙe da mulkin ƙasa a lokacin. Ra'ayinta bai yi rinjaye ba, amma yana nan a rubuce, ɗaliban shari'a na karanta shi.

Ranar 16 ga Yuli, 2012, Shugaba Goodluck Jonathan ya rantsar da ita Alƙalin Alƙalan Najeriya, mace ta farko. Lokacin da Majalisar Dattawa ke tantance ta, ba ta ɓoye ba cewa akwai cin hanci a cikin alƙalai. Da ta hau, ita ce shugabar majalisar da ke ladabtar da su, kuma a zamaninta an tilasta wa wasu alƙalai yin ritaya. Shekara biyu da wata huɗu kacal ta yi, domin tsarin mulki ya ce alƙalin Kotun Ƙoli ya sauka in ya cika 70. Ta sauka ranar 20 ga Nuwamba, 2014. Ƙofar da ta buɗe ba ta rufu ba: a 2024 Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun ta zama mace ta biyu a kan wannan kujera.

Ƙannena, kowannenku wata rana zai zauna a tebur, ko na asibiti, ko na banki, ko na ma'aikata, a turo masa takarda a ce sa hannu, kowa ya sa. Digirin Ingila ba zai hana hannunka rawa a ranar ba. Abin da zai tsayar da shi shi ne halin da ka saba da shi tun yanzu, lokacin da ba mai ganinka sai Allah: aikin makaranta da ka rubuta da kanka, kuɗin ƙungiya da ka riƙe ba ka taɓa ba.

Ku kuma 'yan mata, in wani ya ce muku karatun shari'a ba na 'yar Arewa ba ne, ku ba shi wannan tarihi da shekarunsa.

Allah Ya ƙara wa Mai Shari'a lafiya, Ya ba ku sa'ar karatu, Ya mai da ku gida da abin da zai amfani jama'a.