Kamfanonin fasaha na matasa: in jari ya shigo, gidan na wa ne?



Yau maganarmu kan ƙananan kamfanonin fasaha ce, waɗanda matasa ke kafawa, ake ce musu startup. Kullum muna gani a Facebook: su wane sun samu miliyan kaza, sai a yi ta tafi. To mu tsaya mu duba, wannan kuɗi na mene ne?

Mai zuba jari ba sadaka yake yi ba. Wani kaso na kamfaninka yake saye, yana jiran ranar da zai sayar da shi da riba mai kauri. Ke nan tun ranar da ka amshi kuɗin, maganar sayarwa ta shigo gida.

Ku dubi Paystack ta Legas. Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa ta a 2015 don biyan kuɗi ta intanet. A 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye ta, an ce sama da miliyan 200 na dala. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba, wato fiye da miliyar 100 na sefa. InstaDeep kuma a Tunisiya aka haife ta a 2014, ta mai da hedkwatarta Landan, a 2023 BioNTech ta Jamus ta saye ta. Yaran sun yi ƙoƙari, sun cancanci yabo. Amma hukunci na ƙarshe yanzu a waje ake yanke shi.

Jarin waje na da amfaninsa. A Senegal, Wave ta samu miliyan 200 na dala a 2021, tana cajin kashi 1 cikin 100 na aika kuɗi, har Orange Money ta rage farashi. Talaka ya ji sauƙi a aljihunsa. Sai dai yawan kuɗi bai hana faɗuwa: Dash ta Gana ta tara sama da miliyan 80, ta rufe a 2023. A 2023 ɗin ma 54gene ta Najeriya ta bi sahu.

Mu a Nijar fa? Mafi yawan jarin nan ƙasashe huɗu yake zuwa: Najeriya, Kenya, Masar da Afirka ta Kudu. In muka ce sai ya iso Maraɗi ko Tawa za mu motsa, mun zama mai jiran gawon shanu. Alhali basira muna da ita. Abdou Maman Kané na Tech-Innov ya ƙirƙiro ban ruwa da salula, mai garka ya kunna famfonsa yana daga nesa, har ya ci kyautar ruwa ta Sarki Hassan II a 2015. A Yamai akwai CIPMEN tun 2014 tana rainon irin waɗannan kamfanoni. Nita da Amana kuwa, da kuɗin masu aike na gida suka cika garuruwanmu.

Don haka abu uku nike roƙo. Matasa, ku fara neman mai saye kafin mai jari, kuma kada ku sa hannu sai kun san kaso nawa kuka bayar, wa ke da ta cewa, a ina za a ajiye bayanan mutanenmu. Alhazanmu ƴan kasuwa na Maraɗi da Damagaram, wani abu daga kuɗin fili da tirela a gwada shi kan aikin yaran nan, bisa yarjejeniya a rubuce. Hukuma kuma ta riƙa sayen aikinsu, ta biya kan lokaci. Tunisiya ta yi musu doka ta musamman a 2018, Senegal a 2019, Najeriya a 2022. Mu karanta su, mu ɗauki abin da ya dace da mu.

Wanda ya sa kuɗi tun farko, shi ke da murya ranar ciniki. Mu yi ƙoƙari a samu ƴan Nijar a wannan zama.