Sabuwar Fasaha da Makullin Shagonmu



Ba mu manta farkon 2023 ba, da aka canza takardun naira 200, 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuya. Dole muka koma taransifa da POS, waya ta zama akwatin kuɗinmu. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, wadda 'ya'yanmu ke kira AI, har cikin WhatsApp ɗinmu. Tana rubuta tallar atamfa, ta fassara saƙon dila daga Turanci, ta taya mu lissafin riba. Mu da muka koyi karatu da girma a ajin yaƙi da jahilci mun san darajar wannan.

To amma fa 'yan damfara ma ta zo hannunsu. Da guntun saƙon murya ana iya kwaikwayon muryar ɗanki ko ta ma'ajiyarmu, a ce ki turo kuɗi yanzu-yanzu. Saƙon bogi da muke ganewa da kurakuransa, yau tsaf yake zuwa.

Don haka mu yi amfani da ita, amma mu riƙe abubuwa biyar.

Na ɗaya, kada mu rubuta mata BVN, NIN, PIN ko sunaye da lambobin masu cin bashinmu. Abin da muka rubuta kwamfutocin kamfani yake tafiya. A ba ta adadi kawai, kuma a sake duba lissafin, don takan yi kuskure.

Na biyu, banki ba ya kiran mutum ya nemi PIN ko OTP. Duk wanda ya nema, ɓarawo ne.

Na uku, in an kira ana neman kuɗin adashe ko na ƙungiya, a kashe, a kira mutumin a lambar da aka sani. Kuɗin ƙungiya kada ya fita sai da amincewar mutum biyu.

Na huɗu, alat ba kuɗi ba ne. A duba asusu kafin kaya su bar shago.

Na biyar, a sa wa WhatsApp makulli na biyu, wato lambobin sirri 6, don kada a sace shi a roƙi mutane da sunanmu.

Ranar taro mai zuwa kowacce ta zo da wayarta, mu sa makullin tare. Wadda ta iya ta kama hannun wadda ba ta iya ba.