A Gano Ciwon Giya Kafin A Kwance Ta



Duk mai bin hanyar Dirin Daji zuwa Zuru ko Rijau ya san yadda tsofaffin Sienna da Sharan ke ɗauke da mu da kayanmu. Toyota ta fara ƙera Sienna a Amurka a 1997, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke hannunmu sun haura shekara ashirin. Abin da ke damuna shi ne, da zarar giyar otomatik ta yi gardama, sai ka ji an ce a sauke ta a sayo 'yar Kwatano, alhali ba a gano ciwon ba. Kuɗin da mutum ya yi shekara yana tarawa sai ya tafi a banza.

Farko a saurari direba. In ya sa D da safe, motar na jinkiri kafin ta ɗauka? In ya taka totur, injin na kururuwa amma gudu bai ƙaru ba? Tana fizga wajen canji, ko ta maƙale a giya ɗaya?

Sai a duba man giya. A tsayar da motar a wuri mai lebur, injin ya yi zafi yana aiki, a taka birki a zagaya da giya, a mayar P. A zaro sandar awo a goga a farin ƙyalle. Lafiyayyen mai ja ne garau. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, faifan kulochi na ciki sun fara cinyewa. In ya koma kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, ko ta lagireto ko wajen ƙetare rafi da damina. A kuma tambayi irin man da aka zuba: Sienna ta farko Dexron take sha, ta 2004 kuwa T-IV.

Bayan nan a jona kwamfuta. Tun 1996 motocin kasuwar Amurka ke zuwa da wurin jona ta a ƙarƙashin sitiyari. Sau da yawa za ta nuna na'urar auna gudu ce ta mutu, ko waya ta tsinke, shi ya sa motar ta kulle kanta a giya ɗaya don kada ta ƙara lalacewa. Wannan gyaran bai kai a sauke giya ba.

Direbobi, zafi ne babban abokin gabar wannan giya. Lodi fiye da ƙima yana dafa mai, haka ma wasa tsakanin D da R a cikin taɓo. In motar ta mutu a hanya, kada a ja ta tafiya mai nisa tayoyin gaba na ƙasa.

Makanikai, amana ce a hannunku. Ina roƙonku kada ku kwance giyar kowa sai kun bi waɗannan matakai, kun kuma koya wa yaranku. Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a sana'a.